LITTAFI ƊAYA KOWACE SHEKARA: YADDA AGATHA CHRISTIE TA RIƘA SHIRYA AIKINTA

Idan sabuwar shekara ta kama, kowane mai sana'a yakan zauna ya yi lissafin abin da ke gabansa. Manomi ya leƙa rumbu ya ga ko irin da ya ajiye zai ishi gonarsa. Ɗan kasuwa ya buɗe littafin bashi ya ga wanda yake bi da wanda ke binsa. Shi ma mawallafi yakan yi nasa lissafin, ya ce bana zan rubuta kaza, in gama kaza. Amma fa nasa ya fi na kowa saurin rushewa, don ba shi da shugaban da ke tsaye a kansa, ba a kuwa kaɗa masa ƙararrawar shiga aiki. In ya yi wata guda bai ɗora alƙalami bisa takarda ba, ba wanda zai sani sai ranar da masu buga littattafai suka aiko neman abin da ya yi musu alkawari. Shi ya sa niyyar da aka ƙulla cikin Janairu sau da yawa ba ta ganin watan Maris.

To, an yi wata Baturiyar Ingila wadda ta yi shekara 56 tana ƙulla irin wannan niyya tana cikawa. Sunanta Agatha Christie. An haife ta a garin Torquay, a gaɓar teku kudu maso yammacin Ingila, ran 15 ga Satumba 1890, ta rasu ran 12 ga Janairu 1976. Tun daga 1921 har zuwa 1976 ba shekarar da ta wuce ba a ga sabon littafinta a kantunan Ingila ba, har da shekarar da ta rasu. A tsakanin nan kuwa an yi yaƙin duniya, an yi mata rashi, aurenta na fari ya mutu, tsufa ya zo da nasa. Ya kamata duk mai sha'awar wallafa ya san yadda ta yi waɗannan abubuwa ba su karya mata lissafi ba.

IRIN LABARAN DA TA YI SUNA DA SU

Kafin mu shiga zancen shirinta, bari mu faɗi irin labaran da ta riƙa rubutawa, don su ne suka tilasta mata shiri. Labaru ne na gano mai laifi. Galibi akan wayi gari a tarar an kashe wani a cikin gida, ko a jirgin ƙasa, ko a wani ɗan ƙauye. Ga mutum bakwai ko takwas a kusa da shi, kowannensu yana da dalilin da zai so mutuwarsa, kowannensu kuma yana da abin da yake ɓoyewa. Sai mai bincike ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya, ya duba agogon da ya tsaya, da wasiƙar da aka ƙona ba ta cinye ba. A babin ƙarshe ya tara su ya warware ƙullin, ya nuna mai laifi.

Cikin masu binciken da ta ƙago biyu ne suka fi shahara. Ɗaya shi ne Hercule Poirot, ana faɗin sunan Puwaro, tsohon ɗan sandan ƙasar Beljiyam, mai gashin baki da tsananin son tsabta. Yana cikin manyan littattafanta 33. Ɗayar kuwa Mis Marple, wata tsohuwa mai saƙa wadda zaman ƙauye ya sanar da ita halin ɗan Adam. Tana cikin 12. Gaba ɗaya manyan littattafanta na wannan iri 66 ne, ban da tarin gajerun labaru 14.

Irin wannan labari ɗan'uwan ka-cici-ka-cici ne, yana kuwa da doka. Tilas mawallafi ya nuna wa mai karatu duk alamar da mai bincike ya gani, don in mai karatu mai lura ne ya iya riga shi ganewa. In aka jefo mai laifi daga sama a shafin ƙarshe, an yi zamba. A 1929 wani limamin coci mawallafi, Ronald Knox, ya jera dokoki goma a kan haka, a 1930 kuma mawallafan irin waɗannan labaru a Ingila suka kafa ƙungiyarsu mai suna Detection Club, wadda Agatha ta shugabanta daga 1957 har rasuwarta. Kun ga ke nan ba labarin da za a saki alƙalami ya nufi inda ya ga dama ba ne. Abin da aka binne a babi na uku dole ya dace da abin da za a tono a babi na ashirin. Saboda haka aikin kashi biyu ne, ƙulla labari da rubuta shi, kowanne kuwa yana son nasa rabo a cikin shekara.

LITTAFIN FARKO DA ALKAWARIN FARKO

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Agatha ta yi aikin jiyyar sojoji a Torquay, daga baya aka mai da ita ɗakin haɗa magani, inda ta san guba iri iri da yawan da ke kisa. Yayarta Madge ta taɓa ce mata ba za ta iya rubuta labarin gano mai laifi ba, a 1916 sai ta ɗauki alƙalami don ta ƙaryata ta. Da ta kai tsakiya labarin ya cije. Uwarta ta ba ta shawara ta ɗauki hutunta na mako biyu ta tafi wani masauki a dajin Dartmoor inda ba ta san kowa ba. Da safe ta yi ta rubutu har hannu ya gaji, da rana ta fita yawo tana faɗin babin gobe da baki ita kaɗai, ta yi maganar wannan ta amsa da ta wancan. Kafin hutun ya ƙare ta ci ƙarfin aikin. Wannan shi ne The Mysterious Affair at Styles.

Kamfanoni da dama suka mayar mata da shi. Daga bisani kamfanin Bodley Head ya karɓa, bayan ya daɗe a wurinsu har ta kusa mancewa, amma da sharuɗɗa. Babin ƙarshe, inda ta sa Puwaro ya yi bayaninsa a gaban alƙali, suka ce sai ta sake shi, ta mai da bayanin cikin ɗakin gida, abin da ya zama al'adarta daga baya. Sa'an nan ba ta da rabo a cinikin littafin sai an sayar da kwafi 2,000, kuma littattafanta biyar masu zuwa su za ta ba. Don murna ta sa hannu ba ta tsaya dubawa ba. Littafin ya fito a Amurka a 1920, a Ingila cikin Janairu 1921, abin da ya shigo hannunta kuwa fam 25 ne. Cinikin bai yi mata daɗi ba, amma ya ɗora mata kayan da ya hana ta zama, gama alkawari kaya ne. Ta sauke littattafan nan biyar tsakanin 1922 da 1925, kana ta koma kamfanin Collins, wanda ta zauna da shi har ƙarshen ranta.

SHEKARAR DA SHIRI YA RUSHE

A 1926 Collins suka buga mata The Murder of Roger Ackroyd, littafin da ya ɗaukaka sunanta. A wannan shekara kuma duniya ta juya mata baya. Uwarta ta rasu cikin Afrilu. Cikin Agusta mijinta, Kanar Archibald Christie, ya gaya mata yana son wata, yana neman su rabu. Ran 3 ga Disamba ta fita daga gida da dare, aka tsinci motarta a yashe, aka yi kwana 11 ana cigiyarta, jaridu suna ta kururuwa, kafin a same ta a wani masauki a Harrogate, can arewacin Ingila. Likitoci suka ce mantuwa ce ta same ta. Tun rasuwar uwar tata rubutu ya gagare ta, ga shi kuwa masu ɗab'i suna jiran littafin 1927, ga 'ya mai shekara bakwai a hannu, ga bukatar kuɗi.

Abin da ya fisshe ta tsohon aiki ne. Akwai wasu gajerun labaru 12 na Puwaro da mujallar The Sketch ta buga mata a 1924. Da taimakon ɗan'uwan mijin nata ta ɗinke su suka zama littafi guda, The Big Four, ya fito cikin Janairu 1927. Na 1928 kuwa, The Mystery of the Blue Train, shi ma wani gajeren labarinta ne na da ta faɗaɗa. Ta tafi da shi tsibiran Kanari, ta riƙa tilasta wa kanta, tana faɗa sakatariyarta tana rubutawa, ba marmari ba jin daɗi. Har ta tsufa ba ta son littafin nan, takan ce shi ne mafi muni cikin nata. Amma ta ce a kansa ne ta bar zama mai rubutu don sha'awa ta zama mai sana'a, watau mai yin aiki ko yana so ko ba ya so. Littafin kuwa ya sayu kamar wanda ya riga shi.

Shekarun nan biyu sun nuna abin da Hausawa suka daɗe da sani, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba don tana da abin da ta ajiye tun lokacin da take cikin walwala ba, da 1927 ta wuce ba littafi, da wataƙila masu ɗab'i da masu karatu sun juya ga wani. Shirin shekara wanda bai yi tanadin mummunar shekara ba buri ne kawai.

YADDA TA RABA SHEKARARTA

A 1928 ta shiga jirgin ƙasan nan mai suna Orient Express, wanda ke tashi daga Faransa ya ratsa Turai har Istanbul, daga can ta zarce Bagadaza, ta ziyarci kufan birnin Ur. A zuwanta na biyu ta gamu da Max Mallowan, wani saurayi masanin tonon kufai, suka yi aure cikin Satumba 1930. Daga nan shekararta ta sami tsari. Aikin tonon kufai a Iraƙi da Siriya yana da lokacinsa, don ba ya yiwuwa cikin tsananin zafi, saboda haka akwai watannin da suke can, akwai waɗanda suke gida Ingila. A wurin tono tana ɗaukar hoton abin da aka haƙo, tana goge shi, tana rubuta lambarsa. Amma wuri ne da ba yawan baƙi, ba gayyatar biki, sai ya zama mata makwafin dajin Dartmoor shekara da shekara.

Ba ta da tsada wajen kayan aiki. Ta ce bukatarta tebur ne wanda ba ya rawa, da tafireta. Shekaru da yawa ba ta da ɗakin rubutu a gidanta. Takan yi aiki bisa teburin cin abinci in an kwashe kwanoni, ko bisa teburin wanke fuska a ɗakin kwana. Sa'ad da suka je tono a Nineba a 1931 ba ta tarar da tebur na kirki ba, sai ta shiga kasuwa ta sayi nata, ko da yake shugaban tonon yana ganin ɓarnar kuɗi ce. A kansa ta yi aikin Lord Edgware Dies, wanda ya fito a 1933. A Nimrud kuwa, inda mijinta ya fara tono a 1949, ta biya aka gina mata ɗan ɗaki na tubalin ƙasa a jikin gidan ma'aikata, a cikinsa ta soma rubuta tarihin rayuwarta cikin Afrilu 1950.

A 1955 gidan rediyon BBC ya tambaye ta yadda take aiki. Ta amsa cewa ba ta da wata hanya ta musamman. Ainihin wahalar tana wajen tunanin yadda labari zai tafi, a yi ta juya shi har ya zauna daidai, wannan kuwa yakan ɗauki lokaci. In ya zauna, abin da ya rage neman sararin rubutawa, a ganinta kuma wata uku ya isa a gama littafi in an duƙufa. Ku lura da wannan lissafi. Cikin wata 12, uku ne kawai na tafireta ga littafi guda. Sauran watannin a cikinsu ake ƙulla na gaba, ana gyaran wanda ke hannun masu ɗab'i.

Ba kowane mawallafi ke awo da wannan mudu ba. Erle Stanley Gardner, lauyan Amurka wanda ya ƙago Perry Mason a 1933, da kalmomi ya yi awo, ya yanka wa kansa kalma 1,200,000 a shekara, watau fiye da 3,000 kowace rana. Georges Simenon na Beljiyam, mai littattafan Maigret guda 75, da kwanaki ya yi nasa. Yakan rubuta sunayen mutanen labari a bayan ambulan, ya kulle ƙofa, ya yi babi guda kowace safiya yana soke ranar a kalanda, cikin kamar kwana goma littafi ya ƙare. Mudun ya bambanta, amma kowannensu ya san abin da zai ƙidaya da yamma ya gane ko yau ya yi aiki.

MISALIN SHEKARAR 1934

Bari mu ɗauki shekara guda mu ga yadda shiri ke haihuwa. Ran 1 ga Janairu 1934 Collins suka fitar da Murder on the Orient Express. Kayan haɗinsa sun daɗe suna taruwa. Cikin Fabrairu 1929 ƙanƙara ta tare jirgin nan a ƙasar Turkiyya, ya yi kwanaki a tsaye. Cikin Disamba 1931 ita kanta tana ciki ambaliya ta tsai da shi, ta zauna tana nazarin fasinjoji, ta rubuta wa mijinta doguwar wasiƙa tana siffanta su. A 1932 aka sace ƙaramin ɗan Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman nan na Amurka, aka kashe yaron, duniya ta girgiza. Abubuwan nan ta haɗa a 1933, shekarar da suke tono a Arpachiyah kusa da Mosul, suka zama labari guda: ga jirgi a tsaye cikin ƙanƙara, ga gawa a ɗaki, ga tsohon laifi a kan wata yarinya wanda shari'a ta kasa hukuntawa. Daga shuka zuwa girbi shekara biyar ke nan.

A cikin 1934 ɗin littattafanta biyar suka fito a Ingila. Bayan wannan akwai Why Didn't They Ask Evans?, da tarin gajerun labaru biyu, da wani labarin zaman duniya, Unfinished Portrait, wanda ta fitar da sunan aro, Mary Westmacott. Tafiye-tafiyen shekarun nan kuma su suka ciyar da na gaba. Daga Iraƙi aka sami Murder in Mesopotamia a 1936, daga Masar Death on the Nile a 1937, daga kufan Petra kuma Appointment with Death a 1938.

RUMBUN TUNANI

A ina take ajiye duk wannan? A cikin littattafan rubutu masu arha, irin na 'yan makaranta. Guda 73 sun wanzu a hannun iyalinta, wani masani mai suna John Curran ya yi shekaru yana fama da mugun rubutun hannunta, ya buga abin da ya gano a 2009. Wanda ya zaci zai ga tsari mai kyau sai ya sha mamaki. A nan ga sunan guba, a can ga jerin cefane, a gefe ga lokacin tashin jirgin ƙasa. Ita ma ta faɗa takan riƙe wajen shida a lokaci guda, ta ɓatar da wannan ta ɗauki wancan, saboda haka shirin littafi ɗaya yakan warwatsu cikin da yawa.

Amma a cikin hargitsin akwai hanya. Akwai shafuffukan da ta sa wa shekara ko wata a kai, ta jera labaran da take nufin yi. Takan jera mutanen labari, ta yi wa kanta tambaya a rubuce, wa aka kashe, don me, ta wace hanya, wa zai ci riba. Takan sa wa sassan labari haruffa, A da B da C, sa'an nan ta sake jerinsu ta ga wanda zai fi ɓad da mai karatu. Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne ba kullum take sanin mai laifi tun farko ba. A shirin Crooked House, na 1949, ta gwada laifin a kan mutum fiye da ɗaya kafin ta tsaya kan wanda ya girgiza masu karatu. Watau takan gama shakkarta a littafin sisi, inda sokewa ba ta da tsada, don kada ta kai shafi na 150 a tafireta ta tarar ginin ba ya tsayuwa.

Ba ta kuma zubar da kome. Gajeren labarinta Yellow Iris, na 1937, ya zama Sparkling Cyanide a 1945. Wani gajere na Mis Marple da aka buga a 1942 ya jira shekara 25 ya zama Endless Night a 1967. Ɗan wasan rediyo da ta yi a 1947 don cikar Sarauniya Mary shekara 80 shi ya zama The Mousetrap, wasan kwaikwayon da aka buɗe a Landan ran 25 ga Nuwamba 1952, aka yi ta nuna shi har annobar korona ta tsai da shi cikin Maris 2020, kana aka ci gaba a 2021. In Janairu ya kama, ita rumbu take buɗewa ta zaɓi irin da ya isa shuka.

AJIYA A BANKI

Gwaji mafi tsanani ya zo da Yaƙin Duniya na Biyu. Mijinta ya shiga rundunar mayaƙan sama, aka tura shi Alƙahira. Gidansu na Greenway, wanda suka saya a 1938, hukumar sojan ruwa ta karɓe shi. Ita tana Landan tana aikin haɗa magani a asibitin University College, jiragen Jamus suna ruwan bam da dare. Kuɗin littattafanta na Amurka kuwa an riƙe su saboda rigimar haraji. Duk da haka aiki bai tsaya ba. Ta ɗauki dabarar rubuta littafi biyu tare, N or M? da The Body in the Library, in wannan ya gundure ta sai ta koma wancan. Akwai ma wanda ya zo mata gaba ɗaya, Absent in the Spring, ta rubuta shi cikin kwana uku, amma ta ce ya yi shekaru yana zaune a ranta kafin nan.

Sa'an nan ta yi wani abu wanda ba kasafai mawallafi ke yi ba. Ta ga bam ba ya zaɓe, mai yiwuwa ne a wayi gari ba ita. Sai ta rubuta labarin Puwaro na ƙarshe, Curtain, inda ta komar da shi gidan Styles, wurin da ya fara, tsoho tukuf a keken guragu, ya yi bincikensa na ƙarshe ya mutu. A cikin shekarun 1940 ɗin ta kuma rubuta wani na Mis Marple, Sleeping Murder. Ba ta bari a buga su ba. Aka kulle su a banki, ta yi kyautar na farko ga 'yarta Rosalind, na biyu ga mijinta, don in ta mutu su sami abin riƙe kai.

Kafin ita, Arthur Conan Doyle ya gaji da nasa mai bincike, Sherlock Holmes, ya jefa shi magangarar ruwan Reichenbach a 1893. Masu karatu suka yi masa ca, har a 1903 ya tayar da shi daga mutuwa. Ita ma Agatha ta sha faɗin ta gaji da Puwaro da iyayinsa. Amma sai ta kashe shi a ɓoye, ta ci gaba da fito da shi da ransa har wajen shekara 30. Zuciyarta ta huce, kasuwarta ba ta taɓu ba.

DALILIN DA TA KOMA GUDA ƊAYA

Bayan yaƙi ta rage gudu. Daga 1954 littafin gano mai laifi ɗaya take fitarwa a shekara. Hankalinta ya karkata ga wasan kwaikwayo, sa'an nan harajin Ingila na wancan zamani ya yi tsanani ga masu samu da yawa, har ta ga in ta yi fiye da ɗaya hukuma za ta yi wa aiki. Collins suka riƙa fitar da shi wajen ƙarshen shekara, daidai lokacin da Turawa ke sayen kyautar Kirsimeti, suka yi ta talla da haka har ya zama al'ada mutane su jira na bana.

Wannan lokaci shi ya zama turken shekararta, daga gare shi ake ƙidaya da baya. In littafi zai kasance a kanti cikin Nuwamba, tilas ya shiga hannun masu ɗab'i watanni kafin nan, don a karanta, a jera haruffa, a gyara, a ɗinke. In kuwa zai shiga hannunsu a kan kari, tilas wata ukun nan na tafireta su riga, tilas kuma ƙullin labari ya riga su. Shekarun da babban labari bai samu ba, kamar 1947 da 1960, tarin gajerun labaru ya tsaya a gurbin, masu karatu ba su koma gida hannu wofi ba.

RANAR DA AKA BUƊE AJIYA

Tsufa dai ba ya jin lissafi. A 1971, shekarar da Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame, ta faɗi ta karye a ƙugu. Littattafanta na ƙarshe faɗarsu ta yi cikin na'urar ɗaukar magana, wani ya buga a tafireta. Postern of Fate, na 1973, shi ne na ƙarshe da ta rubuta, masu karatu kuwa suka ga ƙullin ya saki, ana maimaita magana. A 1974 aka tattaro tsofaffin gajerun labaran Puwaro, galibinsu na shekarun 1920, aka cike gurbin da su. Da 1975 ta zo ba sabon abu, ba kuma ƙarfin yinsa.

Nan ne aka tuna da banki. Rosalind ta yarda a fito da Curtain. Ran 6 ga Agusta 1975 jaridar New York Times ta buga sanarwar mutuwar Puwaro a shafinta na farko, kamar yadda take yi wa manyan mutane, alhali kuwa mutumin bai taɓa rayuwa ba sai a takarda. Littafin ya fito cikin Satumba, masu karatu suka sake jin hannun mawallafiyar kamar yadda yake sa'ad da take da shekara 50, tana cikin ganiyar ƙarfinta. Wata huɗu bayan haka ta rasu a gidanta na Wallingford, tana da shekara 85. Cikin Oktoba 1976 Sleeping Murder ya fito, ya cike mata shekarar da ba ta ga ƙarshenta ba. Tarihin rayuwarta, wanda ta soma a ɗakin tubalin nan na Nimrud ta gama a 1965, ya biyo baya a 1977.

To, ga wanda ke zaune yanzu da sabon littafin rubutu yana jera burinsa na bana, ko labari ne, ko waƙa, ko littafin koyarwa, abin da za a ɗauka daga Misis Christie a fili yake. Ya sa ranar miƙa aiki wadda wani ya sani ban da shi, ya ƙidaya da baya daga gare ta, ya ware watannin tunani daban da na rubutu, ya nemi teburinsa ko da a zaure ne. Sa'an nan a shekarar da alƙalami ke gudu kada ya fitar da duk abin da ya rubuta, ya rage wani abu a akwati, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kafin ya rufe littafin, ya tambayi kansa abin da zai miƙa in shekarar ta zo masa da ciwo ko da rashi.